Mutum Huɗu a Fili

Ranar da labarin ya iso wa Odessa Pruitt Talata ce, tana zaune a baranda tana ɓarar wake. Waya ta yi ƙara, ta ɗauka ta ji muryar Jurga, matar ɗanta, daga can Lithuania. Yarinyar ta ce Lavell ya faɗi a wajen atisaye, zuciyarsa ta tsaya, likitoci sun yi iya yinsu. Odessa ta ce to. Ta ajiye wayar ta ci gaba da ɓarar waken har ta gama, don ba ta san abin da za ta yi da hannuwanta ba.

Shekararsa talatin da shida, kuma shi kaɗai Allah Ya ba ta. Tana aikin feɗe tarwaɗa a masana'antar kifi ta garinsu Belzoni ta raine shi, yana ta tsawo har sai ya sunkuya yake shiga ɗaki. Ƙwallon kwando ce ta kai shi jami'a a Louisiana. Shekara huɗu duk garin na alfahari da shi, har fasto kan ambace shi a wa'azi. Da ya gama, kowa ya sa ido manyan ƙungiyoyin ƙasarsu su ɗauke shi, amma ba wadda ta kira sunansa. Ya haɗa jakarsa ya tafi Turkiyya, daga nan Ajantina, daga nan Koriya, har ya zauna shekara tara a wani ƙaramin gari a Lithuania. A Belzoni kuwa, in an ce “ai yana ƙetare” sai a sassauta murya, kamar ana maganar mai jinya. Ita ma Odessa haka ta ɗauka. Sau nawa yana roƙonta ta zo ta ga wasansa, tana fakewa da tsoron jirgi.

Yanzu abu ɗaya take so, ta ɗauko shi ta binne shi kusa da ubansa a bayan coci. Jurga ta roƙe ta a waya a bar shi a can. Verlene, yayar Odessa, ce ta amsa a madadinta, tana cusa kaya a jaka.

“Ki bar ɗanki a ƙasar da ko yaji ba su sani ba? Yana raye sun sha guminsa, ya mutu kuma su riƙe ƙashinsa? Tashi, malama, in jirgin zai faɗo ya faɗo da mu biyu.”

Haka suka tafi, Verlene na mita tun daga filin jirgin Jackson har suka sauka. Jurga ta tarye su da idanu a kumbure, ba ta sake tayar da maganar ba. Ta dai ce ranar Lahadi da la'asar ƙungiyarsa na da wasa, an keɓe wa Mama kujera.

Odessa ba ta taɓa ganin taro irin wannan ba. Garin bai fi a zaga shi da ƙafa ba, amma zauren ya cika maƙil, tsofaffi da sanduna, mata da goyo, ƙarti majiya ƙarfi, kusan kowa sanye da riga mai lamba arba'in da ɗaya, lambar Lavell. Da ta shigo, wani ya hango ta ya miƙe, na kusa da shi ya miƙe, kafin ta kai kujerarta ba wanda ya rage a zaune.

'Yan wasa suka fito. Ita ba gwanar ƙwallo ba ce, amma ta yi shekaru a bencin 'yan kallo tun yana makaranta, ta san biyar-biyar ake yi. Ta ƙirga na ɗanta, huɗu. Ta sake ƙirgawa, ta taɓa Verlene ta ce, “Yaya, sun yi mantuwa.” Jurga ta girgiza kai, ta nuna mata ƙarƙashin kwando, inda Lavell ke tsayawa. Wurin a buɗe yake.

Alƙalin wasa ya jefa ƙwallo sama. Wanda ya cafe bai ruga ba, ya taka a hankali ya ajiye ta a wancan gurbin, ya ja baya. Agogon da ke saman kwando ya shiga ƙirga daƙiƙa ashirin da huɗu, wa'adin da ake ba ƙungiya ta jefa ƙwallo a kwando. Mutum dubu biyar, ba ko tari. Odessa tana jin ƙarar fitilun rufi. Da lokacin ya cika aka ba abokan hamayya ƙwallon, waɗanda suka yi tafiyar awa uku don su ci wasa. Su ma suka kai ta wurin suka ajiye. Daga nan wani tsoho a can sama ya ɗaga murya da waƙa, zauren duka ya amsa, har benci na rawa a ƙarƙashinta. Ba ta gane komai ba sai sunan da ta raɗa masa da bakinta a asibitin Belzoni.

Ta juya ta ga Verlene na share fuska da gefen mayafi. Verlene ta ce, “Ke, ashe yaron nan sarki ne, muna can muna masa jaje.”

Odessa ta daɗe tana kallon gurbin. Sannan ta kama hannun Jurga ta ce, “'Yata, nuna mini inda kike so a sa shi.”

Aka binne shi a kan wani tudu mai dogayen itatuwa, ta zuba ƙasa da hannunta ta dawo gida. A coci wasu sun ce ta yi sake. Ba ta musa wa kowa ba, don ba ta san yadda za ta kwatanta musu shirun nan ba.

Har yau, kullum da safe kafin ta ɗora ruwan kofi, sai ta sa tabarau ta duba a waya yanayin garin da yake kwance. In ta ga ana ƙanƙara a can, sai ta ɗauko rigar sanyi ta saka, ko da rana na dukan Belzoni.