Hoton Matan Masaƙa

Malamar tarihi ce a kwalejin horon malamai, kuma ta daɗe tana haɗa wa ɗalibanta ɗan littafi kan tsohuwar masaƙar garin, wadda aka rufe tun tana goye. Rubutu ya kammala, saura hotuna. A shafin intanet na gidan adana kayan tarihi ta ga wanda ya tsaya mata a rai: mata a jere gaban injinan saƙa, hasken taga yana sauka a kafaɗunsu, ta tsakiyar ta juyo tana ɗan murmushi.

Ta je gidan tarihin neman izini. Mai kula da hotuna, wani dattijo da ya yi ta lalube yana neman tabaransa alhali suna goshinsa, ya yi mata bayani. Yawancin tsofaffin hotunan an sake su ga jama'a, malami ko ɗalibi zai iya amfani da su muddin ya faɗi inda ya samo. Wannan kuwa ajiya ce kawai a wurinsu. Haƙƙin mallakarsa yana hannun 'yar marigayi mai hoton, ita kuma ba ta cika cewa to ba.

Ta koma gida tana mita. Ƙanenta, wanda kansa ba ya ɗagowa daga waya, ya ce, "Yaya, ke ma da neman wahala. Ga hoto a gabanki, ki kwafe mana. Wa zai bi ki aji ya bincika?"

Ta ce in ta yi haka, da wane baki za ta hana ɗalibai kwafar aikin wani? Amma a ranta ita ma rowa ta ɗauki abin. Mutum ya rasu, masaƙa ta rufe, me za a ci da hana yara ganin hoto?

Duk da haka ta tafi wurin 'yar mai hoton, wadda ke riƙe da kemis a bakin babban titi. Matar ta ba Malama kujera tsakanin kwalayen magani, ta saurare ta tana sallamar masu saye. Da shagon ya lafa ta tambaye ta abin da za ta rubuta a ƙarƙashin hoton.

Malama ta ce ai ta ma riga ta rubuta: ma'aikata cikin nishaɗi, lokacin da masaƙa ke tashe.

Matar ta gyara zaman wasu kwalabe da ba su karkace ba. Sannan ta ba ta labari. Babanta ya ɗauki hoton ne da safiyar da aka sanar da rufe masaƙar. Matan sun riga sun ji, amma suka koma kan injinansu don su ƙarasa yadin da suka ɗora. Ta tsakiyar maƙwabciyarsu ce, kuma da babanta ya ɗaga kamara ce masa ta yi ya ɗauke ta da kyau, kada jikokinta su ganta tana kuka. Bayan shekaru wani kamfanin tufafi ya ɗauki hoton ba izini, ya yanke sauran matan, ya sa launi, ya yi talla da fuskarta. Babanta ya gani a allon talla yana cikin mota, kuma har ya rasu abin bai bar ransa ba. Tun daga nan duk wanda ya nemi hoton sai ta ce a'a.

Malama ta ji kunya ta rufe ta. Ta ce wallahi ba ta sani ba, kuma da ta buga littafin a haka da ta koya wa ɗaruruwan malamai ƙarya, su kuma su kai wa yara. Ta miƙe za ta yi sallama.

"Zauna, Malama," in ji matar. "Ke kaɗai kika zo da ƙafarki. Sauran saƙo suke turowa." Ta ɗan yi dariya. "Kuma yanzu nake tunani, in kowa na hana shi, wa zai san gaskiyar? Baba bai ɗauke shi don ya zauna a akwati ba."

Ta amince bisa sharuɗɗa: kada a yanke ko mace ɗaya, kada a sa launi, a rubuta sunan babanta da ranar da aka ɗauka da abin da ya faru a ranar. Malama ta koma ta warware babin gaba ɗaya, domin ta gane ta yi shafi ashirin kan injina da yadi, ba ta ce komai kan mutanen da aka sallama ba. Aikin ya ci mata hutun zango, ta bi gida gida tana neman tsofaffin ma'aikata.

Bayan littafin ya fito, mai kemis ta je gidan tarihin da kanta. Ta ce a buɗe hoton ga makarantu da masu bincike bisa waɗannan sharuɗɗan, 'yan talla dai su ci gaba da jin a'a. Ta kuma kai musu sauran hotunan da babanta ya ɗauka a ranar, waɗanda ko ita ba ta taɓa zama ta kalle su duka ba.