Mai Jego a Gulbin Gagare

…kuma ban mutu ba. Ga ni, ruwa har wuya, ban mutu ba.

Numfashin ne dai ya ƙi. Ha, ha, ha, kamar wadda aka biyo a guje. Ƙirji ya ɗaure. Tsaya, Bara'atu, tsaya. Ƙafarki ta sami rairayi. Ga zanen a hannunki, kin kamo shi, tsohon zanen da ruwa ya ja kika bi shi ba ki duba ba. Taku ɗaya, taku biyu, na uku babu ƙasa… Ja iska. Sake ta. A hankali. Ƙara ja.

Sanyi! Wayyo Inna, sanyi! Har cikin haƙora. Har ƙoƙon kai, inda ruwan bai ma taɓa ba.

Dariya nake yi? Wannan muryar tawa ce?

Inna, da kin gan ni. Mai jego, kwana arba'in da ɗaya, tsundum cikin Gulbin Gagare tun hantsi bai ɗaga ba. Da kin ɗora hannu a ka. To ba kya nan — kina Shinkafi, ina Ƙaura, hanyar da a da ake cinyewa kafin hira ta ƙare yanzu sai an tambayi direbobi ko an wuce lafiya jiya. Aka ce kar in zo wankan gida, ko da haihuwar fari ce. Kika yi kuka a waya. Ni ban yi ba. Kin lura ban yi ba?

Gwaggo Larai ce ta karɓe ni, ƙanwar uban Zayyanu, mijina. Allah ya saka mata, ko kwana ɗaya ba ta yi mini ha'inci ba. Da asuba ta hura wuta a gindin rabin ganga, da la'asar ta sake hurawa. Ruwa ya yi ta tafasa har ganyen darbejiya ya yi baƙi, ta tsoma damin ganye, fyaɗ a baya, fyaɗ a ciki, fyaɗ a cinya. "Daure, ɗiyata, in ba ki gasu ba sanyi shi ka shiga." Na daure. Kunun kanwa da tiririnsa, romon ƙauri da yajin da ke sa hanci zuba, ruwan sha ma sai na fulas. Randa tana lungun ɗaki tana gumi, ina kallonta, ba halin in taɓa moɗa. Sau biyu bayana yana saɓulewa, Gwaggo ta shafa man shanu ta ce yanzu ne aiki ke kyau.

Ban ji zafin ba, Inna. Maganar ke nan. Fata tana ji, tana ja, tana tashi, amma ni… ni ina can bayan wani labule ina kallon wata mata ana yi mata wanka.

"Ke Bara'atu! Hito! Mi kike yi ciki? Kin haukace? In Gwaggo ta ji, ni za ta yanka!"

Uwani ke nan, maƙwabciyata, tana tsalle a bakin ruwa da kumfar sabulu har gwiwar hannu. Ita ta jawo ni. Tuƙa-tuƙar unguwa ta lalace, kayan jego sun taru, Gwaggo ta tafi gaisuwar mutuwa Zurmi sai gobe. Uwani ta ce ɗauko yarinyar ki zo ki miƙe ƙafa, ni in wanke ke ki shanya, amma kar ki kuskura ki taɓa ruwa. To ga shi na taɓa, Uwani. Ruwan ma ya taɓa ni, ko'ina da ko'ina. Ina ɗaga mata zanen sama kamar na kamo ƙaton kifi, tana zagina, ina dariya, ruwa na shiga bakina — yana da daɗi! Ashe ruwa yana da ɗanɗano? Na manta.

Ina zuwa. Bar ni kaɗan. Kaɗan kawai.

Sanyin ya daina cizo… a'a, bai daina ba, ya canza. Ɗazu allura ce ko'ina, yanzu wani abu ne ke yawo a ƙarƙashin fata, kamar ɗumi, kamar ƙaiƙayi mai daɗi. Zuciya na bugawa dum, dum, dum, ina jin ta har a wuya. Tawa ce. Ga gwiwata, ga ɗan yatsan ƙafata na hagu da na buge da turmi tun ina budurwa, ga ɗinkin da aka yi mini a asibiti yana ɗan tsukewa. Kowace gaɓa tana amsa sallama. Ina kuka shiga duk kwanakin nan?

Ita ma yarinyar haka na yi da ita. A miƙo mini, in ba ta nono, idona a bango. A karɓe. A sake miƙowa. Ran suna mata sun cika tsakar gida, an raɗa mata Nazifa, ana ta guɗa, ni ina bin saƙar tabarma da farce. Sai Gwaggo ta daki ƙirji a gaban kowa: "Kun ga kara? Ko kallon ɗiyar ba ta yi! 'Yan zamani sai su rungume ɗan fari gaban surukai, amma tamu, tarbiyyar Shinkahi ta!" Aka yi ta sa miki albarka, Inna. Kunyar ɗan fari. Ba na kiran sunanta, ba na yi mata wasa, in ta yi kuka sai an ce ɗauke ta mana — duka aka ce kunya ce. Har Zayyanu yana fahariya da ni a tashar 'yan kabu-kabu ta Kasuwar Daji, wai matarsa irin ta da ce.

Ni kuwa na san ba kunya ba ce. Mai kunya tana satar kallo in ɗaki ya watse. Ke da bakinki kika gaya mini haka kika yi da ɗanki na fari, Yaya Hammadu, kina jira kowa ya fita ki ɗauke shi ki yi ta shinshina wuyansa. Ni ɗaki ya watse in juya mata baya. Ba so, ba ƙi. Ba komai. Wa zan gaya wa? In ce me? In ce Allah ya ba ni ɗiya lafiyayya, ni kuma ƙirjina ya zama dutsen niƙa? Sai a ce iska ce ta taɓa ni, a kawo garwashi da turare a lulluɓe ni da bargo. Wata wutar kuma.

Kai, dubi tsallaken can! Dawa ta yi ja, ta sunkuyar da kai. Tun yaushe? Na shiga ɗaki gero bai fid da kai ba, na fito an yanke shi an jingine karan. Balbelu uku a kan tsibirin rairayi, farare tas, ɗaya ta ɗage ƙafa tana kallona kamar ta san Gwaggo. Kalle ni da kyau, hajiya, ki kai rahoto Zurmi. Sama ma wani shuɗi ta yi, sai ka ce yau aka wanke ta. Jiya haka take? Ko idona ne aka wanke?

Nutso ɗaya. Ɗaya tak, in jiƙa kan nan da ya kwana arba'in cikin ɗankwali biyu.

Bismillah —

…shiru. Wani kore-kore, rairayi na tashi, kunne ya toshe. Gulbin garinmu, ina 'yar shekara tara, kin aike ni wankin tukwane na kife su a gaɓa na faɗa ruwa. Ni ce mai daɗewa a ƙasa, duk 'yan matan unguwa ba mai kamo ni, in fito ido jajir leɓe ya yi fari, ki tare ni a zaure da tsumagiya kina dukan kina ɓoye dariya. Wannan yarinyar, Bara'atu ta da. Na zaci ta mutu. Na zaci an dafa ta a rabin ganga an zubar da ruwan a bayan gida —

Haaa! Iska! Alhamdulillahi! Tana nan, Inna, tana nan, ba inda ta je!

Yunwa nake ji. Yunwa ta gaske, ba turawar dole ba. Ɗanwake nake so da mai da yaji, da fura mai sanyi a ƙwarya, da rake, da gyaɗa ɗanya… Zan iya cinye tukunya. Zan iya tafiya Shinkafi a ƙafa. Zayyanu ya dawo yau ya ga ikon Allah, sai na tsokane shi kan hular nan tasa da ta sha jiki, wata biyu ban ce masa komai a kanta ba, yana can yana zaton na haƙura.

To in sanyin ya shiga fa? Gwaggo ba ƙarya take yi ba, ta ga abin da ta gani. Rukayya ta bayan masallaci, haihuwa ta uku, ƙafafu suka kumbura, numfashi ya gagara, ba ta kai arba'in ba. Gwaggo ta ce ruwan randa ta sha a ɓoye. Malamar asibiti kuma, ranar da muka kai yarinyar rigakafi, ta ce a rage kanwa, a sirka ruwan wankan, zuciya ba ta son wannan azaba. Gwaggo ta ce to, muka dawo gida ta ƙara itace. Wa ya fi gaskiya? Ban sani ba. Ni dai na san wuta ta yi kwana arba'in tana nemana ba ta same ni ba, ruwan nan kuwa ko sallama bai gama ba ya kamo ni.

Yatsuna sun fara ƙin lanƙwasuwa. Zanen na neman suɓucewa. Haɓa na rawa, kaf-kaf-kaf. Ya isa, Bara'atu, kar daɗi ya ja ki, wannan ruwan ba ɗan'uwanki ba ne, in kika daɗe ƙafa za ta mutu ki rasa ta fita. Juya. Taku ɗaya…

Kuka.

Daga gindin itacen farun can, inda Uwani ta shimfiɗa zani ta kwantar da yarinyar. Ƙaramar murya, tana yankewa tana dawowa. Na san kukan nan, kullum ina jin sa kamar daga gidan maƙwabta. Yau ba daga can yake zuwa ba. Nan ya soke ni, nan, ƙarƙashin haƙarƙari — nono ya tsatso, duka biyun, cikin ruwan sanyi ina jin ɗuminsa yana bin cikina. Wayyo. Wayyo Allah. Uwani, kar ki ɗauke ta! Bar ta! Ni ce zan… ina zuwa, ina zuwa, ruwa sakar mini ƙafa, wannan zane mai nauyin tsiya, rairayi na zamewa, gwiwa, hannu, tashi —

Iska ta fi ruwan sanyi. Jiki na kaɗawa, ba ni da iko da shi. Uwani ta yaye mini jiƙaƙƙen, ta naɗe ni da busasshe, ta ƙara mayafinta a kai, tana murza mini baya tana faɗa, bakinta bai tsaya ba, ban san me take cewa ba. Hannuna ƙanƙara. In taɓa ta da wannan hannun? Sa a hammata. Hura. Murza. Yi sauri, tana kuka, fuskarta ta yi ja, ƙafafunta na harbin iska… dubi ƙafafun! 'Yan mitsi-mitsi, da yatsu biyar-biyar, da farce, har da farce!

Zo. Zo nan. Ke.

Kina da ɗumi. Kina da nauyi, ashe. Kin ji sanyin fatata kin zabura kin buɗe ido — yi haƙuri, yi haƙuri, uwar taki ce ta yi wauta, yanzu zai wuce. Kama. Yauwa. Ja. Ina ji, ina jin kowane ja har tafin ƙafata. Haƙorana na haɗuwa, hawaye na zuba a kan goshinki, dariya kuma ta ƙi tsayawa, Uwani ta yi tsaye da baki buɗe tana kallon mai kunyar ɗan fari tana shinshina kan ɗiyarta a fili, gaban masu wanki, gaban balbelu. Ku kalla. Ku gaya wa wanda za ku gaya wa.

In wannan jin ya tafi fa? In jikin nan ya ɗumama, na koma ɗakin nan, labulen ya sake sauka? Zuwa azahar ina nan? Gobe fa, in Gwaggo ta dawo? Gulbi zai janye nan da wata guda, ya bar rairayi… Ban sani ba. Ban sani ba. Yanzu dai ina nan, bari in yi sauri in gan ki tun ina nan. Gira — ta Zayyanu. Hanci, oho, ba a gane ba tukuna. Kunne, ɗan lanƙwasasshe, mai laushi, bari in juya shi…

Mene ne wannan?

Tawadar Allah. Baƙa, 'yar ƙarama kamar ƙwayar gero, a bayan kunnen dama. Irin taki, Inna. Wuri ɗaya, gefe ɗaya, wadda nake taɓawa in kin goya ni.

"Uwani… kin ga wagga?"

"Yau kika gan ta? Tun ran da anka haihe ta kowa ya gani."

Kowa ya gani. Gwaggo, da Zayyanu, da matan suna, da malamar rigakafi. Kwana arba'in da ɗaya tana nan, kullum a kan hannuna, tazarar yatsa huɗu daga idona…

Na gaji. Ƙafafuna ba za su tashi yanzu ba. Sha, ɗiyata, sha, kar ki yi sauri. Bari in duba ɗaya kunnen.