Turakun 'Yan Tartsatsi

Ga ta nan tafe, ga ta nanku, jikokina. Ku ce ta zo mu ji ta mana, ko bakin ya yi nauyi? Yauwa.

Kun ga ƙarafan nan da nake shanya a kansu a tsakar gida? Turakun raga ne. Yayana mai walda shi ya haɗa su da hannunsa, lokacin da ya kafa ƙungiyar ƙwallo a unguwarmu. 'Yan Tartsatsi ake ce musu, don a bakin shagonsa aka haifi ƙungiyar. Makanikai ne da teloli da masu faci, ba mai albashi, ba su kuma cikin kowace babbar gasa. Ni ce mai wankin rigunansu, ina yi ina mita, har na ƙare da auren mai tsaron gidansu. Katanga suke kiransa, alhali a gida ko kaza ba ya iya tarewa.

Filin ba nasu ba ne, wurin kwanan manyan motoci ne. Sai motoci sun fita a kafa turaku, a tashi wasa a cire. Yaya kuwa ƙarfe mai kauri ya zuba, ya liƙe da sandar sama, nauyin sai ƙungiya duka ta sa kafaɗa. Ya kafa doka: wanda bai ɗauki turke ba, ba ya taɓa ƙwallo. An sha kawo masa amalanke yana korarta. Cewa yake ranar da aka rasa kafaɗun ɗauka, ranar ƙungiya ta mutu.

Wata shekara aka buɗe gasar kofi ga kowa, ƙuri'a ta haɗa su da wani babban kulob mai motar kansa. Baƙin suka sauko suka tarar da abokan karawarsu tafe da turaku a kafaɗa. Suka yi ta dariya, har wani ya tambaya ko 'yan dako aka turo musu. Allura, wani siririn tela, ya zura musu ɗaya, Katanga ya hana komai wucewa. Ranar ko kurma ya ji unguwarmu.

To, daɗin nan shi ya ci mu. Manyan kulob suka fara zawarcin 'yan wasanmu. Yaya da kansa yake raka su tasha yana washe baki. Abu ɗaya yake roƙo: duk shekara, ranar da aka ci wasan nan, su dawo a ɗauki turaku a buga. Da fari suna zuwa. Daga baya sai saƙon gaisuwa. Matasan da suka taso kuma suka ce su ƙwallo suka zo bugawa ba dako ba, suka koma filin makaranta mai turaku a kafe. Na ce wa Yaya ya sassauta, ya ce in tsaya ga sabuluna.

Shekarar ƙarshe ya shafe turakun da farin fenti, nan inda suke kwance a gefen shago. Na wanke riguna na goge. Katanga ya fito yana jan gwiwa. Can sai ga Allura a motarsa, ya yi teɓa har da furfura. Iyakar waɗanda suka zo ke nan. Suka kama su uku, ƙarfe ya ɗaga kaɗan ya koma. Suka sake, haka. Allura ya ce a nemo masu taimako a ɗora a mota, ai ba wanda zai gani.

Yaya ya daɗe yana kallon ƙarfen. Sannan ya ce, "Ni zan gani, ƙanena."

Suka zauna a kai har motoci suka dawo suka cika filin. Fentin bai gama bushewa ba, duk ya ɓata musu wanduna, ba wanda ya kula. Washegari Yaya ya yanka turakun, ya kawo su guntu-guntu ya kafa mini a nan.

"Riƙe, ƙanwata," ya ce. "Ke kaɗai ce ba ki taɓa fashi ba."

Yaya bai sake kallon ƙwallo ba har ya rasu. Kakanku Katanga bai jima ba ya bi shi. Allura ya koma kan kekensa na ɗinki, yana nan da ransa, idanun ne dai suka gaza. Filin an gine shi da shaguna. Rigunan sun zama tsumma, sai ta mai tsaron gida da ke cikin akwatina. Ni kuma ga ni, ina shanya.