Allurar Motar Malami

Motar da Malami yake ja tsakanin Gwandu da Kalgo ragowar motocin soja ce, tun na yaƙin Bama, wato yaƙin duniya na biyu. Shekara goma da gama yaƙi, tsohuwar tana nan tana tari tana tafiya, shi kuwa yana sonta kamar shi ya haife ta. Aibinta ɗaya, agogon mai. Ko tanki ya cika har baki, allurar tana kwance ba ta ko motsi.

Wannan bai dami Malami ba, don yana da karan da yake tsomawa a tanki ya ga inda fetur ya tsaya. Amma ranar da ya manta bai tsoma ba, mai ya ƙare masa a Dangoma, da kwandunan kifin matan Kalgo a baya, rana tana dukansu har suka soma wari. Tun daga ranar, Inno, uwar masu kifi, ta kafa doka: sai ta leƙa allura kafin a ɗora ko kwando ɗaya. In ba kifin nan kuwa, motar ba ta da abin zuwa yi Kalgo.

Ran kasuwa Malami ya tsoma kara, ya nuna mata.

"Inno, duba, jiƙe yake har nan."

"Karan naka na, ɗana," in ji ta. "Allurag ga kuwa kwance take. In ba ta tashi ba, jakkai muka kira."

Ran Malami ya ɓaci, ga kuma tsoro. Ya ƙwanƙwasa gilashin agogon, ya bi waya tun daga agogo har tanki, ya kankare tsatsa, ya ɗaure. Shiru. Daga ƙarshe ya kwance ɗan murfin da wayar ta shiga, ya zaro wani siririn ƙarfe mai toshiya a bakinsa, irin ta kwalba, ta yi baƙi ta yi nauyi. Ya tsaya yana juya ta, bai san laifinta ba.

Duk abin nan surukinsa Hamidu, tsohon masunci, yana gindin tsamiya yana ɗinkin taru. Tun da Malami ya auri 'yarsa Madina, maganarsu ba ta wuce gaisuwa, saboda kunya. Yau ma tsohon bai dube shi ba. Tarunsa ya yi wa magana.

"Mu dai, abin da muka ɗaura ma taru don shi taso, in ya daɗe cikin ruwa sha yakai, shi nutse. Sai a sake wani."

Malami ya cire takalmi, ya matso, ya durƙusa.

"Baba, da mi aka sakewa?"

Tsohon ya laluba jakarsa, ya ajiye wata 'yar mitsitsiyar gora busasshiya a ƙasa, da ɗan dunƙulen ƙaro, ya ci gaba da ɗinkinsa.

Malami ya jiƙa ƙaron, ya shafe gorar, ya shanya ta a kan mota har ta bushe. Ya ɗaure ta da waya a bakin ƙarfen, ya mayar, ya murɗa makulli. Allura ta yi rawa, ta miƙe, ta tsaya a tsakiya.

Inno ba a sayenta da arha. Ta hau ta zauna a kujerar direba, ta ce a zuba fetur garwa guda tana kallo. Malami ya zuba. Allura ta ƙara matsawa sama.

"Awo, yanzu ta yi gaskiya," in ji Inno. Ta leƙo ta taga. "Ku kawo kifi!"

Daɗi ya kama Malami har ya rasa inda zai sa kansa. Ya koma gindin tsamiya ya sake durƙusawa, godiya ta cika masa baki, kunya ta hana ta fita.

"Tashi, rana na yi," in ji tsohon. "Kifin mutane na jiranka."