Kalmomin da Kwamfutar Mubaraka ta Haɗiye

Mubaraka ta rasa ganinta tun tana ƙarama, bayan ƙyanda, amma a Kaura Namoda an fi sanin ta da saurin buga kwamfuta. Aikinta fassara. Wata ƙaramar ƙungiyar kiwon lafiya da Madam Ijeoma ke jagoranta kan turo mata saƙonni da Turanci, na rigakafi da awon ciki da amai da gudawa, ita kuma ta mayar da su Hausa, a kai Shinkafi da Zurmi a karanta ta lasifika ranar kasuwa. A cikin kwamfutar akwai manhajar da ke karanta mata duk abin da ke kan allo. Muryar ta Bature ce, Hausarta sai a hankali, amma Mubaraka ta saba da ita kamar yadda ake sabawa da maƙwabci mai in'ina.

Wata safiya da damina kwamfutar ta sabunta kanta ba tare da ta tambayi kowa ba. Tun daga ranar, duk kalmar da ke da harafi mai lanƙwasa, ƙ ko ɗ ko ɓ, sai muryar ta tsallake ta kamar ba a rubuta ba. Mubaraka ba ta gane da wuri ba. Tana cikin fassara saƙon allurar masu juna biyu ta buga, "Wannan allura ba ta jawo ɓari." Muryar ta ce, "Wannan allura ba ta jawo," ta yi shiru. Ta ɗauka maɓallin ne bai dannu ba, ta sake bugawa. Shiru. Ta sake. Wuta na gab da ɗaukewa, mai babur yana ƙofar ofishin ƙungiyar yana jiran takardar da zai kai Shinkafi, sai ta tura, da niyyar ta kira ta tabbatar. Sabis ya ɗauke, kiran bai shiga ba.

Washegarin kasuwar Shinkafi Madam Ijeoma ta sauka daga keke napep a ƙofar gidansu. Haifaffiyar Kaura ce, Hausa a bakinta kamar ruwa.

"Mubaraka, kin san abin da mai shela ya karanta jiya? Ɓari, ɓari, ɓari. Sau uku, ta lasifika, a tsakiyar mata. Wa zai tsaya sauraron farkon magana? Yau ma'aikatanmu sun zauna da allura tun safe, masu cikin da suka zo ba su cika benci ɗaya ba."

"Anti, wallahi ba ni ba ce, kwamfutar ce ta..."

"Na yarda. Amma mutanen Shinkafi ba su san kwamfuta ba, mu suka sani. Zan ba wani fassarar har ki gyara abinki."

Bayan tafiyarta Mubaraka ta zauna tana bin rubutun harafi harafi har ta kama ɓarawon. Ta nemo shafin da kamfanin manhajar ya tanada don kai ƙorafi. Abin da ya fara tambayar ta shi ne hoton matsalar. Hoton shiru! A ƙasa kuma maɓallai ne a jere ba suna, muryar sai cewa take, "maɓalli, maɓalli, maɓalli." Ta rufe kwamfutar da ƙarfin da ya sa mahaifiyarta ta leƙo daga madafi.

Yayanta Bilyaminu yana da shagon gyaran waya kusa da tashar jirgin ƙasa, shi ne ma ya saya mata kwamfutar. Ya zo da yamma, ta zayyana masa komai, ya cike shafin da adireshinsa na imel. Ta ce ya karanta mata abin da ya rubuta.

"Na ce musu muna godiya da ƙoƙarinsu, akwai 'yar matsala da haruffan Hausa, in sun samu dama su duba."

"'Yar matsala? Yaya, aikina anka amshe. Mata sun ƙi allura."

"Ke ba ki san mutanen nan ba. In kin zo musu da faɗa ba su kula ki."

Ta ƙyale shi, don a lokacin ba ta da wani hannun sai nasa.

Damina ta yi nisa, gero ya fara fitar da kai, ba amsa. Duk sa'ad da ta tambaya sai ya ce ana kan dubawa. Wata rana ya karɓi kwamfutar ya tafi da ita shago, ya dawo da ita da la'asar ya ce ya ɗan tsaftace ta. Ta gwada, babu abin da ya canza. Wanda aka ba aikinta kuwa wani malamin firamare ne da ya fassara awon ciki da "auna tumbi". Da ta ji wannan ko abincin rana ba ta iya ci ba.

Ranar wata Juma'a Bilyaminu ya zo gaida mahaifiyarsu, ya bar wayarsa a caji kusa da ita ya shiga alwala. Da ya fito ta ce ya buɗe imel ɗin ya karanta mata saƙon kamfanin na ƙarshe, kalma da kalma. Ya yi ta kame-kame. Ta ce in bai karanta ba za ta kunna muryar wayar ta ji da kanta. Sai ya karanta. Ashe kamfanin ya amsa tuntuni. Sun turo wani gyara sun ce a gwada. Shi ya sa ya ɗauki kwamfutar. Ya buga haruffan, ya ga sun fito a allo ras, ya rubuta musu cewa komai ya yi daidai, an gode. Su kuma suka rufe ƙorafin.

"Mi kac ce musu?"

"Na ga haruffan sun fito, Mubaraka. Da idona na gani."

"Da idonka!" Ta miƙe tsaye, kujerar roba ta kife a bayanta. "Ni na ce maka ba su fita? Cewa na yi ba ta faɗin su! Ka kunna muryar?"

"Tana damuna da surutu, sai na kashe ta."

"Ka kashe ta. Abin da ya lalace shi ka kashe, sannan ka shaida musu ya gyaru. Ka dawo nan kullum ina tambaya kana ce min ana dubawa."

"Kunya na ji da na ga kin ce har yanzu..."

"Kunya ta hana ka faɗa min, amma ba ta hana ka magana da bakina ba. Su can ba su san ni ba, ba su taɓa jin Hausa ba, ina iya cewa jahilci ne. Kai fa? Ɗaki ɗaya munka tashi. Kai kake ja na zuwa makaranta. Har yau ba ka san cewa kunne nike gani da shi ba?"

Mahaifiyarsu ta ce, "Mubaraka, yayanki ne fa."

"Na sani, Inna. Shi ya sa."

Bilyaminu ya ɗauki wayarsa ya fita masallaci.

Ba ta sake neman taimakonsa ba. A wani zauren wasap na makafi ta tambaya, wani malami a Zurmi mai suna Sanusi ya ce shi ma abin ya same shi, ya ɗauka kwamfutarsa ce ta tsufa. Shi ya ba ta adireshin imel na sashen da ke kula da masu buƙata ta musamman. Ta kanga wayarta a bakin lasifikar kwamfutar ta naɗi murya. Ta karanta jimlar allurar da bakinta, sannan ta sa kwamfutar ta karanta, ramin da kalmar ta bari ya fito fili. Ta rubuta abin da za su danna ɗaya bayan ɗaya su ji da kunnensu, da yadda muryar take yi kafin sabuntawar. Ba ta gode wa kowa ba. A ƙarshe ta ce: wanda ya shaida muku an gyara mai gani ne, kuma a kashe ya bar muryar. Ku ma ku rufe allon ku gwada.

Wannan karon amsar ba ta jima ba. Wata ma'aikaciya ta ce ta saurara, ta gwada, ta ji ramin, an sake buɗe ƙorafin. Ta ƙara da cewa masu amfani da wannan harshe a manhajar ba su da yawa, don haka ba za ta iya cewa ga ranar gyara ba. Mubaraka ta sa muryar ta maimaita mata wannan layin, ta yi tsaki. Ta tura saƙon cikin zauren, ta ce duk mai kwamfuta ya naɗi tasa ya aika, daga Gusau har Maraɗi, 'yan kamfanin su ƙirga da kyau.

Gyaran bai zo ba sai bayan an gama girbi. Ƙ da ɗ suka dawo, ɓ kuwa tana nan shiru. Madam Ijeoma ta mayar mata da rabin aikin, da sharaɗin wani ya duba kafin a fitar. Bilyaminu ya aiko ta bakin Inna cewa shi zai riƙa dubawa. Mubaraka ta ce a gaya masa ta gode, Malam Sanusi zai saurara ta waya. Ta jawo kwamfutar ta fara sabon ƙorafi a kan ɓ.