Binne a Matacciyar Duniya

Kumbon ya iso gonar Baffa Inuwa a kan amalanke, shanu biyu na jan sa. Tsohon tankin ruwa ne da Suhaibu ya sa aka shafe da fentin azurfa a Gaya, ya kawo shi Gafasa domin ɗaukar kashin ƙarshe na shirinsa mai dogon zango, Matacciyar Duniya. Labarin 'yan sama jannati ne da suka sauka a wata duniyar da ko tsinke ba ya tsirowa a cikinta.

Shirin kansa yana gab da mutuwa. Hajiya Zuhra, mai zaɓen shirye-shirye a wani gidan talabijin na Kano, ta kalli kashin farko ta ce hoto ya yi kyau, sauti ya fita, amma duk ta taɓa ganinsu a finafinan waje. "Bindigar wuta, hular kwano, kowa na ihu. Ina naka? Zanen aro ba ya rufe katara. Kawo na ƙarshen, in shi ma aro ne mu haƙura da juna."

Suhaibu ya koma gida ya yi dogon nazari, sannan ya ƙara bindigogi.

Gonar ƙanen mahaifin nasa kuwa ta dace da aikin. Ƙarshen bazara ne, ƙasa jawur, fili fetal. Sun ɗauki rabin wasan ke nan hadari ya haɗo, ruwan farko ya sauko kamar da bakin ƙwarya, suka nannaɗe kyamara a leda suka bar kumbon a wurin.

Da suka dawo bayan 'yan kwanaki, matacciyar duniya ta yi kore. Gero ya tsiro layi-layi har gindin kumbon.

"Baffa, yaushe ka yi shuka?" in ji Suhaibu.

"Tun kafin ka zo. Binne na yi."

Kunya ta kama Suhaibu. Shi ma da hannunsa ya sha zuba iri a busasshiyar ƙasa a rufe, ya kwanta yana jiran ruwan farko. Zaman Kano ne ya mantar da shi cewa gonar da ta yi tsit ba lalle ne babu kowa a ciki ba.

"Aron gona ka tambaye ni, ba ka tambayi abin da ke cikinta ba," in ji Baffa. "Amma na riga na ba ka. In sharewa za ka yi, share."

Kamilu mai ɗaukar hoto ya ce ai iya inda kyamara ke gani kawai za a kankare. Suhaibu ya karɓi fartanya, ya tsaya a kan layin farko. Ya san wanda ya rasa shukar fari ya rasa rabin damina, ya kuma san wannan ce damarsa ta ƙarshe a wurin Hajiya. Daga baya ya jingine fartanyar a jikin kumbo, ya ce a ɗaga kyamara sama kada ƙasa ta fito.

Sai matsala ta ɓullo daga Muhsina, ƙanwarsa, wadda ke fitowa a matsayin shugabar tawaga. An rubuta za ta fito a guje tana harbi. Ta fito kuwa, amma kanta a sunkuye, tana ɗaga ƙafa tana tsallake layi kamar mai wasan 'yar gala-gala.

"Gudu na ce ki yi!"

"Haba Yaya, a kan gero?"

Aka sake, ta sake. A karo na gaba Kamilu ya gaji, ya sauke kyamara kan ƙafafunta. Muhsina ta hango wani tsiro da tsanin kumbo ya danne, ta ajiye bindigar, ta durƙusa da hular kwanonta ta miƙar da shi, ta tara masa ƙasa. Abokin wasanta, da ya ga babu wanda zai harba, shi ma ya durƙusa. Suhaibu ya buɗe baki zai ce a yanke, ya fasa. Haka ya aika da kashin Kano, babu harbi ko ɗaya, ransa a ɓace, ya riga ya fid da rai.

Damina ta yi nisa kafin Hajiya Zuhra ta kira. Kiran ya same shi a gonar, ya zo duba yadda za a fitar da kumbon.

"Wannan kam ban taɓa ganinsa ko'ina ba," ta ce. "Mutane sun je wata duniya, babban tsoronsu kada su taka shuka. Ka zubar da sauran. Ka sake ɗaukar shirin tun daga farko a gonar nan, da tsiron nan, haka ƙanana yadda suke."

Daɗi ya kama Suhaibu. Sannan ya duba gabansa. Gero ya kai masa ƙirji, kan kumbon kaɗai ke leƙowa.

"Baffa," ya kira, "yaushe za ka sake binne?"

Baffa Inuwa bai ɗago daga noman da yake yi ba.

"Baɗi, in da rai," ya ce. "Ga fartanyarka can inda ka jingine ta."