Kujerar Mai Molo

Da allura soke a gaban rigarta Auta ta shiga ofishin sabuwar Darakta, 'yarta na barci a bayanta. Ita ce telar cibiyar al'adun, ita ke ɗinka kayan 'yan rawa da na 'yan wasa, ta ɗinke labule in ya yage. Ta ɗauka maganar yadi ce. Sai da Darakta ta tashi da kanta ta tura ƙofa, sannan Auta ta gane ba haka ba ne.

"Maganar Baba ce," in ji Darakta. "Kwamiti na so a sallame shi."

Baba mahaifin Auta ne, shi ne mai molon cibiyar tun kafin a haife ta. Duk ranar Asabar da yamma yakan hau dandamali ya zauna a kujerarsa ta katako, ya yi kiɗa da waƙa har rana ta yi sanyi. A ɗakunan da ke bayan ginin suke zaune tare, shi da ita da 'yar, tunda mijinta direban babbar mota ne, hanya ta fi gida ganinsa. Auta ta san mahaifinta. In aka raba shi da kujerar nan, ba zai yi gardama ba, ba zai yi ƙorafi ba, zai dai kwanta ne ya juya wa duniya baya.

"Ranki ya daɗe, me ya yi?"

"Bai yi komai ba. Kin dai ga zauren da idonki. Tsofaffin nan ne na layin gaba, sai mai gadi in ya gaji da tsayuwa. In ban cika kujerun nan ba, ba Baba kaɗai za a sallama ba, har ni da ke."

Darakta ba muguwa ba ce, Auta ta shaida haka. Budurwa ce mai fara'a da ta yi karatu a kan harkar, kuma tun zuwanta ba ta taɓa wuce Baba ba ta rusuna ba. Ta buɗe kwamfuta ta nuna wa Auta sabon shirin da take haɗawa. Majigi zai riƙa haska hotuna a bangon dandamali, fitilu na sauya launi, komai na tafiya tare da waƙa.

"Na so a ce muryarsa ce a ciki," in ji ta. "Amma na'ura ba ta san jira ba. In ya ce kogi, dole kogi ya fito a bango a daidai lokacin. Shi kuwa tunda nake sauraronsa, bai taɓa maimaita abin da ya faɗa ba. Ga tarin nan da ke sarƙe shi."

Auta ta san gaskiya ne. Baba ba ya rera waƙa yadda ya rera ta jiya. Tsofaffin baitoci suna nan a kansa, amma da idonsa yake waƙa. Wanda ya makara, da matar da jaririnta ya ɓarke da kuka, da mai gyangyaɗi a kujerar baya, duk sai ya tsince su ya saka a baiti tun kafin su ankara, zaure ya kwashe da dariya, shi kuma ya koma kan hanyarsa kamar ba shi ba. Abin da tsofaffin layin gaba ke zuwa gani ke nan.

Yarinyar ta motsa a baya. Auta ta jijjiga ta, tana lissafi irin na mai gyaran rigar da ta yi wa mai ita kaɗan.

"To, a ɗauki muryarsa mana," ta ce. "Da safe, in ya sha ruwan zafi, muryar garau take. A ɗauka a sa a lasifika, shi kuma ya zauna a kujerarsa yana bi. Hotunanki ba za su kuskure ba."

Darakta ta dube ta. "Zai yarda?"

"Ni zan yi masa magana."

Ta same shi a bakin ƙofa yana ɗaure tsirkiyar molo. Ta sauke yarinyar, ita kuma ta tafi da gudu ta faɗa jikinsa.

"A'a, Amarya, a hankali! Tun ba a kai lefe ba za ki karya ango?" Haka yake kiran jikar tasa. Ya ɗora ta a cinya, ya dubi Auta. "Ke kuma fa? Kin shigo da fuska kamar wadda keken ɗinki ya cije."

"Baba, so suke a adana muryarka."

"A adana? Sai ka ce hatsi."

Ta yi masa bayani, tana zaɓen kalmomi. Ba ta ambaci kwamiti ba, ba ta ambaci sallama ba. Ya saurara yana wasa da yatsun jikarsa, har ta gama bai ɗago ba.

"Shawarar wa ce?"

"Tawa ce, Baba."

"To, ai shi ke nan. Tunda taki ce."

Ɗakin ɗaukar sauti ɗan ƙarami ne, an lulluɓe bangonsa da soso, babu taga sai gilashi guda da ke kallon teburin mai na'ura. Mai na'urar saurayi ne da kowa ke kira Injiniya. Ya zaunar da Baba, ya saita makirufo a bakinsa, ya fita ya rufe ƙofa, ya ɗaga babban yatsa ta gilashi. Baba ya kaɗa molo, ya buɗe baki, ya rufe. Ya sake kaɗawa.

"Tsoho, muna jira," in ji Injiniya.

"Wa zan yi wa?"

"Makirufo za ka yi wa."

"Wannan ba shi da ido, ɗana."

Dole Auta ta bar ɗinkinta ta zo ta tsaya a bayan gilashin, yarinyar a kafaɗarta, don ya sami fuskar da zai kalla. Sai waƙa ta zo. Ta zo da kyau har tsigar jikin Auta ta tashi. Amma a tsakiyar baitin kogi, Baba ya hangi Injiniya da manyan abubuwan sauraronsa a kunne, kawai sai ga shi a cikin waƙa, wai ga wani yaro ya kifa kwanuka biyu a kai yana jiran a zuba masa tuwon sauti. Injiniya ya yi dariya har ya buga tebur, sannan ya share hawaye ya ce, "Tsoho, ka gama da ni. Amma a sake, wannan ba zai shiga ba."

Aka sake. Aka yi ta sakewa kwana da kwanaki, ana yanke duk abin da ya tsinto a hanya, har aka sami waƙa mai santsi daga farko zuwa ƙarshe, babu tari, babu kowa a cikinta. Daga nan aka shiga gwaji a dandamali. Aka koya masa ya riƙa motsa baki daidai da lasifika, ya taɓa tsirkiya a hankali. Makirufon da ke gabansa na ado ne, ba a jona shi da komai ba. Auta ta sa masa waƙar a wayarta, kullum tana kunna masa yana bi, kamar ɗan makaranta da hadda. In ya kuskure sai ta mayar baya.

"Wannan mutumin taurin kai gare shi," ya ce wata rana yana nuna wayar. "Ko numfashi ba ya bari in yi."

Ranar buɗe shirin, zauren ya cika har da na tsaye. 'Yan makaranta cikin kayan makaranta, matasa da wayoyi a sama, 'yan kwamiti a jere, tsofaffin nan kuma an matsar da su gefe amma sun zo. Auta na tsaye a bayan labule da yarinyar a baya, bakinta na motsi da addu'a. Aka kashe fitilu, aka kunna majigi. Muryar Baba ta cika zauren, ƙarfinta ya fi yadda Auta ta taɓa ji, bangon bayansa ya zama sararin sama, ya zama gona, ya zama kasuwa. Jama'a suka yi tsit. Baba na tsakiya a kujerarsa, bakinsa na tafiya daidai. Auta ta ji kafaɗunta sun fara sauka.

Ana cikin haka ƙofar baya ta buɗe, haske ya shigo. Wani ƙaton mutum mai tumbi ya shigo a makare, yana ratsa layi yana taka ƙafafun mutane yana ba da haƙuri, wayarsa na ta ruri a aljihun da ya kasa laluba. Da ya kai kujerarsa ya zauna, sai kujerar ta naɗe da shi. Auta ba mutumin ta kalla ba. Tsofaffin ta kalla, ta ga duk sun juya ga Baba, suna zungurin juna, bakinsu a buɗe tun kafin dariyar ta zo.

Sai ta kalli mahaifinta. Idonsa ya yi haske, ya gyara zama, yatsunsa suka sauka a kan molo da ƙarfi.

"Baba, a'a," ta ce a hankali, inda ba mai jin ta.

Ya saki hanyar lasifika ya kama tasa. Jijiyar wuyansa ta tashi, yana nuna mutumin da haɓa, yana rera abin da ya zo masa. Ko kalma ɗaya ba ta kai layin gaba ba. Lasifika na ta zancen kogi, kogi na gudu a bango, bakin Baba kuma na faɗin wani abu dabam. Wani ɗan makaranta ya nuna shi da yatsa, dariya ta fara daga can baya, amma ba irin dariyar da ya saba ba ce. Auta ta ga lokacin da ya gane. Ya yi ƙoƙarin komawa, ya laluba baitin bai same shi ba, muryar ta riga ta yi gaba. Sai ya ɗora tafin hannunsa a kan tsirkiya, ya rufe bakinsa.

Auta ta yi taku ɗaya za ta fita, ta tsaya. Ta fita ta yi me? Ta janye shi a gaban jama'a? Ta hango Injiniya a can ƙarshen zaure, hannunsa a kan na'ura, shi ma ita yake kallo. In ya kashe, komai ya mutu. Yarinyar ta farka ta fara ƙananan kuka, Auta ta shiga jijjiga ta, idonta a kan dandamali, ba ta iya komai ba sai wannan.

Haka Baba ya zauna har ƙarshe, molo a cinya, kansa a ɗan sunkuye, hotuna na bi ta kan rigarsa, muryarsa na rerawa a samansa. Dariyar ta mutu da kanta. Da waƙar ta ƙare, zauren ya ɗauki tafi, mutane suka miƙe tsaye, tafin da Auta ba ta taɓa jin an yi masa ba.

Tana naɗe kayan 'yan rawa Darakta ta same ta. Auta ta riga ta shirya ba da haƙuri, amma Darakta ta riƙo hannayenta biyu.

"An bar shi! Shugaban kwamiti da bakinsa ya faɗa. Ya ce wurin da tsohon ya yi shiru yana sauraron kansa, nan ne ya fi taɓa shi. Sun ɗauka da gangan muka tsara." Murnar ta ragu a fuskarta. "Haka suke so a riƙa yi. Ba sai ya wahalar da kansa da motsa baki ba. Ya zauna kawai."

"Kawai?"

"Na san abin da kike ji. Wallahi na sani. Amma kujerarsa na nan, ba abin da muka nema ke nan ba?" Ta saki hannun. "Ki ɗinka masa farar riga mai faɗi, hotunan za su fi fitowa a jikinsa."

Washegari da hantsi Auta ta ɗauki tef ɗin awo ta same shi a ɗaki. Molon na jingine a bango, yarinyar na ta jan tsirkiyar, bai hana ta ba.

"Baba, sun ce kana nan. Ba inda za ka."

"Madalla. Da can akwai inda za ni?"

Ta sunkuyar da kai. Bai matsa mata ba.

"To, me zan riƙa yi?"

"Zama za ka riƙa yi, Baba. Kamar jiya."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ta ce ya miƙe ta auna shi, ya dafa bango ya miƙe. Ta ɗora tef a kafaɗarsa, ta ga yadda kafaɗar ta rame, ta rubuta a tafin hannunta. Ta nemi abin da za ta faɗa.

"Baba, me ka ce wa mai tumbin nan? Ni ma ban ji ba."

Ya ɗan yi murmushi, har ta sa rai zai faɗa.

"Ai ya riga ya tafi gida, Auta. Me za ki yi da shi yanzu?"

Ta zagaya bayansa don kada ya ga fuskarta. "Ɗaga hannu," ta ce. Ya ɗaga. "Kada ka motsa."

"Ba zan motsa ba," in ji Baba.